Akuyar Inna da Karnukan Bayan Danga

A ƙauyenmu, a bakin tafki ta wajen Wara, da zarar ruwan shuka ya sauka sai mai shela ya zaga unguwa-unguwa da gangarsa yana cewa kowa ya ɗaure dabbarsa. Daga ranar har a gama girbi, duk akuyar da aka kama a gonar wani, mai ita ya ja wa kansa. Tsohuwar doka ce, kuma mai kyau, domin gonakinmu ƙanana ne, a manne da gidaje, akuya guda tana iya aske kunyoyin wake kafin mutum ya dawo daga masallaci. Sai dai ban taɓa jin mai shela ya ambaci kare ba. An ɗauka duk mai kare ya san abin da ya kamace shi.

A daminar da nake magana, awakin Inna uku ne, duka mata. Gajeru ne, jajaye, da baƙin zane a gadon baya, ba irin da mai saye zai tsaya kallo a kasuwa ba. Amma asalinsu daga gungu ne, wato tsibirin da kakanninmu suka zauna kafin ruwan madatsa ya shanye shi. Ranar tashi, kakata ta bar turmi da manyan tukwane, ta rungumo akuya ta shiga kwalekwale. Gidan da aka haifi Inna yana ƙarƙashin ruwa, kaburburan mutanenta ma haka. Abin da ya rage mata na uwarta shi ne jinin akuyar nan. Bunsuru takan kai kasuwa, amma mace ba ta taɓa fita daga gidanmu ba, ko a shekarar da Baba ya rasu.

Maƙwabcinmu ba haifaffen ƙauyen ba ne. Daga Yelwa ya dawo bayan ya ajiye aikin ofis, ya sayi filin da ke jikin namu, ya gina ɗakunan bulo ya shafa musu koren fenti. Alhaji muke ce masa. Yana da babur, yana da carbi mai manyan 'ya'ya wanda ba ya barin hannunsa ko yana cinikin taki, yana kuma da abin da ya fi komai nauyi a idon mutanenmu, injin ban-ruwa. Da rani, lokacin albasa, kowa sai ya jira a ba shi aron injin nan, har mai gari. Shi ya sa idan Alhaji ya yi tari a majalisa, sai ka ji dattawa na rige-rigen yi masa sannu.

Albasarsa ba ya sayarwa da rani. Yakan jibge ta a wata rumfa a bayan gida har damina, lokacin da take tsada. Don tsaron rumfar ya kawo karnuka biyu, baƙi da ja. Na ga ranar da suka iso suna 'yan kwikwiyo, a cikin kwali a bayan babur ɗinsa. Duk unguwa ta gani. Amma fa Alhaji ba shi da kare. Haka yake faɗa, da ƙarfi, ko ba a tambaye shi ba. Dabararsa ita ce bai taɓa barin su shiga gida ba. Ya ajiye musu wani tsohon kwano a bayan danga. Safe da yamma yakan fito da kansa, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya juye musu sauran tuwo da kan kifi, ya koma ciki da sauri yana kakkaɓe riga. A lissafinsa, tunda kwanon a waje yake, karnukan ma na waje ne.

Da tsoron Allah ne da na yi masa uzuri. Amma yaron da ya yi karatun farko a zauren liman ya san an halatta ajiye kare don tsaron gona da dukiya. Abin da Alhaji yake tsoro shi ne a kira shi mai kare. Yana son haushinsu, ba ya son sunansu.

Da farko karnukan ba su da matsala, haushi kawai. Sai wani ɗan akuyar Alhaji ya mutu. A wurinmu mushen dabba binne shi ake yi, a yi rami mai zurfi, a ɗora dutse, domin karen da ya ɗanɗana akuya da gashinta ba zai sake kallon akuya a matsayin maƙwabciya ba. Yarinyar da ke tallan ƙosai ma ta san wannan. Alhaji ya ga asara ce a binne nama. Ya kama shi ta ƙafa ya wurga musu ta saman danga.

Akwai wani tsohon maharbi a unguwar Kambari, can gefen gari, wanda mutanen gidansa rabi na zuwa coci, rabi na bin abin da kakanni suka bari. Shi da Baba sun daɗe suna gaisawar mutunci kafin Baba ya rasu. Yana wucewa ya tarar da karnukan suna jan mushen. Ya tsaya ya yi sallama.

"Alhaji, ka ɓata karnukan ga. Yanzu sai ka sa musu sarƙa."

"Waɗanne karnuka?" in ji Alhaji.

Tsohon ya dube shi, ya dubi kwanon, ya gyara zaman jakarsa ya wuce.

Ni a lokacin ina gida hutu daga kwaleji. Ba ni da abokan hira da yawa. Idan na gama taya Inna noma da safe, sai in shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron tsakar gida in yi karatu. Turakan awakin suna bayan ɗakin Inna, kusa da dangar karan dawa da ta raba mu da Alhaji.

Akuya ta farko mun dawo daga gona muka tarar da ita a mace, karnukan sun kashe ta. Igiya na nan a wuyanta, turke bai ko motsa ba. Ƙasar wurin ta nuna yadda ta yi ta zagaya turken tana neman hanya, iyakar tsawon igiyar. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Da a sake take da ta haye kan rumbu ko ta faɗa ɗaki. Mu muka ɗaure ta, don bin doka, muka miƙa ta.

Al'adarmu a nan a fili take. Idan karen wani ya kashe maka dabba, ba zagi, ba kai ƙara. Ka ɗauki gawar ka ajiye a ƙofar gidansa ka yi sallama. Shi kuma ya fito ya ba da haƙuri, ya kawo mai rai a madadinta, ya ɗaure karensa. Shi ke nan, zumunci bai taɓu ba. Na saɓa akuyar a kafaɗa, Inna na biye da ni.

Alhaji ya fito yana jan carbi. Ya dubi abin da ke ƙofarsa, ya ja da baya, ya tattare gefen rigarsa.

"Subhanallahi! Mi ne ne wanga? Innar yara, ƙofata ta zama juji?"

"Alhaji, karnukanka ne suka shiga mana."

"Karnukana? Ni? A'uzu billahi. Kin taɓa ganin kare a gidana?"

A daidai lokacin jan karen yana kwance a inuwar dangarsa, haɓarsa duk jini, yana lasar ƙafa.

"Karnukan gari ne," in ji Alhaji. "Ni ma sun dame ni. Allah shi mayar miki da alheri. Kai ɗan boko, kwashe, kwashe, kada ƙuda su taru."

Na kwashe. Muka binne ta da zurfi, muka ɗora dutse.

Muka toshe dangar da ƙaya. Karnukan suka tona ta ƙasa. Ta biyu ta tafi a ranar kasuwa, sa'ad da unguwa ta yi shiru. Wannan karon Inna ba ta ce a kai ta ƙofar kowa ba. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon igiyar.

Maƙwabta sun zo jaje, ba laifi. Sun iya jaje ƙwarai. Wani ya ce ƙaddara ce. Wani ya ce wataƙila kura ce, a garin da rabon a ga kura tun kafin a haife ni. Wani dattijo da na sha ganin yana tsallake kwanon karnukan in zai shiga gaida Alhaji ya ce, "To, ai ba a san ko na wa ne ba." Kowannensu yana magana yana hango gonar albasarsa ta rani mai zuwa, yana jin ƙarar inji a kunnensa. Na zuba musu ruwa a moɗa, na koma gindin mangwaro.

Saura ɗaya, ƙaramarsu, kuma tana da ciki. Idan ta tafi, jinin gungu ya ƙare. A sake ta, ta faɗa gonar mutane a ce mun karya doka. A ɗaure ta, mun san sauran. Inna ta koma kwana da ita a ɗaki, da rana kuma ta ɗaure ta a gindin mangwaro inda nake zama. Na zama makiyayin akuya guda. Ina karatu tana cin gefen tabarma, wani lokaci ta miƙo baki ta ɗanɗani bangon littafi.

Ranar da suka zo mata, bayan Azahar ne, Inna na gona. Na shiga ɗaki ɗauko ruwan sha, ban ko cika moɗar ba na ji kukanta. Ba haushi, ba gurnani, sun koyi zuwa shiru. Da na fito baƙin ya kama cinyarta ta baya yana ja, jan yana zagayawa ta wajen wuya. Taɓarya ce kusa da hannuna. Ban taɓa dukan wani abu mai rai da ƙarfi haka ba. Baƙin ya saki, ya juyo ya cafki ƙafar wandona ya yage ta har gwiwa, Allah ya sa haƙorinsa bai sami nama ba. Na sake kai masa, suka kutsa ta ramin da suka tona suka fice.

Ta kan danga na hango Alhaji a tsaye a bakin rumfar albasarsa. Ya ga komai. Da idonmu ya haɗu sai ya ɗaga kai yana duban sama, kamar mai nazarin hadari.

Tsohon maharbin ne ya ɗinke cinyar da allura da zare, ya barbaɗa garin bagaruwa. Ya shafa cikinta ya ce abin da ke ciki yana motsi, amma bai yi alkawarin komai ba. Inna ta riƙe kan akuyar a cinyarta har aka gama. Sannan ta tashi ta yafa mayafi.

"Tashi mu je wurin mai gari."

"Inna, kin san ba za su..."

"Na sani. Tashi."

Bayan La'asar aka zauna a ƙofar gidan mai gari, gindin durumi. Dattawa a kan tabarmi, Inna a durƙushe can gefe, ni kusa da ita da yagaggen wandona a hannu. Tsohon maharbin ya zo ya zauna nesa kaɗan a kan wani gungume, ba wanda ya kira shi. Alhaji ya iso a ƙarshe, a kan babur, cikin babbar riga fara ƙal mai sitaci. A bayan babur ɗin kuwa karnuka biyu na gudu, harsuna a waje. Da ya kafe shi suka kwanta a inuwarsa, baƙin yana ɗingishi.

Ban taɓa ganin dattawa sun sami abin kallo a ƙasa kamar ranar ba. Wani yana tsince tsakuwa a tabarma, wani ya duƙufa kan farcen ƙafarsa.

Inna ta faɗi abin da ya faru a taƙaice. Mai gari ya juyo gare ni.

"Kai ka gani da idonka?"

Magana a gaban taro ba ta taɓa yi mini sauƙi ba. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa. Na ce na gani, waɗancan biyun ne, kuma na ga ranar da aka kawo su a kwali.

"Ranka shi daɗe," in ji Alhaji yana murmushi, "yaron ga karatu ya yi masa yawa. Kullum kansa na cikin littafi, ina ya ga kwali? Ni dai mutum ne mai alwala. Mi zan yi da kare?"

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa mai inji.

Mai gari mutum ne mai son a rabu lafiya, musamman idan lafiyar ta haɗa da albasarsa. Ya yi gyaran murya.

"Alhaji, gaban jama'a, karnukan ga naka ne?"

"Wallahi, tallahi, ba ni da kare. Ban taɓa ajiye kare ba. Na gari ne, suna bin kowa."

Jin muryarsa ta ɗaga, jan karen ya taso ya zo ya zauna a gefensa yana kaɗa wutsiya.

"To, baiwar Allah, kin ji," in ji mai gari, idonsa a kan rawaninsa da yake gyarawa. "Mutum ya rantse. Abin da ba shi da mai shi, ba wanda za a kama. Sai haƙuri."

Dattawa suka fara neman takalmansu. Inna ba ta motsa ba.

"Ranka shi daɗe, na yi haƙuri. Tambaya ɗaya gare ni, don ni mace ce, ban san shari'a ba. Karen da ba shi da mai shi, in wani ya kama, na wa ne?"

Mai gari ya ce, "Na wanda ya kama mana."

"Ko wa ne ne?"

"Ko wa ne ne."

Inna ta juya wajen gungumen. "Maharbi, ba ka ce karenka ya tsufa ba? Ga na gari nan Allah ya kawo."

Ban san ko sun shirya ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na dai ga tsohon ya buɗe jaka ya fito da igiyoyi biyu, da zarge a ƙulle. Ya taso a hankali yana yi musu wani sauti da baki. Karnukan ba su san shi ba. Suka yi abin da kowane kare zai yi, suka ruga wurin ubangidansu. Baƙin ya kutsa kai ƙarƙashin babbar rigar, jan ya lafe a bayan ƙafafunsa yana kuka.

A nan ne na jira in ji abin da Alhaji zai ce. Kalma ɗaya ta isa. Da ya ce nawa ne, da ya kawo wa Inna awaki biyu, ya sayi sarƙa, ya koma gida da karnukan da suka yi masa tsaro tun suna kwikwiyo. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga carbin ya tsaya cak. Ya dubi mai gari, ya dubi dattawa, ya dubi farar rigarsa. Sai ya sa ƙafa ya ture baƙin, a daidai haƙarƙarin da taɓaryata ta sama.

"Tafi can! Najasa! Ku gani, sun ɓata mini riga, da mi zan yi Magariba?"

Karen bai yi gurnani ba. Ya ɗaga kai yana dubansa. Tsohon ya zarga masa igiya, ya zarga wa ɗayan, ya ja su suna turjewa suna waiwaye. Sun kashe mana awaki, na kuma so in ga bayansu, amma a wurin nan ban ga abin raini a jikinsu ba. Su dai ba su yi musun kowa ba.

"Madalla," in ji Alhaji da wata siririyar murya. "An raba mu da fitina."

"Madalla, madalla," in ji dattawa.

Ba a ba Inna ko ƙafar akuya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Tsohon ya kai karnukan gonarsa ta cikin daji, inda birai ke damunsa, ya ɗaure su a can. Kwanon ya daɗe a bayan danga, ruwan sama na taruwa a ciki. Alhaji ya koma shimfiɗa tabarma a bakin rumfar albasarsa, yana gyangyaɗi da carbi a hannu, ko kaza ta taka kara sai ya zabura. Wata rana na ji shi yana tambayar tsohon a hanya, wai don jin ƙai kawai, ko dabbobin nan na Allah suna samun abinci.

"Waɗanne dabbobi?" in ji tsohon.

Akuyar ta yi jinya mai tsawo. Ciwon ya yi ruwa, ya sake kamewa. Wasu ranakun ba ta cin komai sai Inna ta jiƙa dusa ta ba ta a tafin hannu. Ƙafar ba ta koma daidai ba har abada. Gero ya fara fitar da kai sa'ad da ta haihu, da hantsi, a gindin mangwaro. Biyu ne. Na farko ya zo ba rai. Inna ta ajiye shi gefe ta rufe da ganye. Na biyun ya faɗo yana atishawa. Ta share masa hanci da bakin zanenta, ta ɗaga wutsiyar ta duba, ta sake dubawa.

"Mace ce," ta ce.

Ja ce, gajeriya, da baƙin zane a gadon baya.

Na ɗauki fartanya na je binne ɗan'uwanta. Ina tono Alhaji ya leƙo ta saman danga, ya ce ya ji abin arziki, barka, barka, ai dama ya ce Allah zai mayar da alheri. Inna ta amsa masa da kyau, ta tambayi iyali. Ni na ci gaba da tono har ramin ya kai gwiwa, sannan na je neman dutse.

Da rani ya zo injin ya zaga kowace gona a bakin ruwa, ya tsallake tamu. Kullum aka tambaya sai a ce yana wurin gyara, alhali muna jin ƙararsa a gonar mai gari. Da gwangwani muka shayar da albasarmu a shekarar, daga bakin tafki zuwa gona, har kafaɗuna suka yi kanta. Mun rage yawan shukar, abin da muka samu bai kai na bara ba. A lokacin an saki dabbobi, don haka uwar takan biyo mu tana ɗingishi, 'yar na tsalle a gabanta. Idan Inna ta gaji sai ta ajiye gwangwanin ta zauna a kan tudu, ta jawo 'yar akuyar jikinta tana cire mata ƙaya daga gashi, fuskarta na kallon tsakiyar ruwa, wajen da ta ce gungun yake.